Zango a Tsafe

Ofishin Asiya yana ƙarshen baranda, bayan ɗakin da ake jibge gadajen da suka karye. A takarda sunan aikinta jami'ar walwalar marasa lafiya. A bakin nas-nas da masu shara sunanta Walfiya. Ba a nemanta sai likita ya gama abin da ya iya, ya rufe fayil, ya ce a kira ta. Shekara tara ke nan a wannan asibiti na Gusau tana karɓar mutanen da likitoci suka gaji da haɗa ido da su.

Ranar Litinin aka kira ta gado na goma sha ɗaya a ɗakin maza. Baba Bitrus, shekara saba'in da huɗu, tsohon malamin gona daga Tsafe. Ciwon daji ya fara masa a mara, ya haura ƙashin baya, ya zauna. Likita ya rubuta a fayil cewa sai dai a rage masa zafi, sa'an nan ya fito ya faɗa wa iyali cewa ana nan ana ƙoƙari. Asiya ta san irin wannan ƙoƙari. Ledar ƙarin ruwa ce da ake ratayewa don 'yan dubiya su ga wani abu yana ɗiga.

Ta same shi shi kaɗai. 'Yarsa Dorcas, wadda ta rufe shagon ɗinkinta wata uku tana jinyarsa, ta fita wanke kwanuka. Asiya ta ja kujera.

"Baba, sannu da jiki."

"Ke ce Walfiya? An ce in kin zo, to an gama." Hausarsa ta Zamfara ce tsantsa. Shekara arba'in da shida a Tsafe sun cinye harshen kudancin Kaduna da ya zo da shi.

"Wa ya ce?"

"Na gado na tara. Kin zo mai ran Laraba, ran Juma'a anka fidda shi."

"Shi ma ba ni na kashe shi ba."

Ya yi dariya. Dariyar ta taɓo masa baya, ya damƙe ƙarfen gado har ta wuce.

Ta tambaye shi abin da likita ya faɗa masa. Ya ce ya yi shekara talatin yana kallon gonakin da ba za su yi ba, masu su suna tsaye suna jiran ya ce za su yi, don haka ya san fuskar mai ɓoye magana. Ta faɗa masa gaskiya: makonni ne, ba watanni ba. Ya gyaɗa kai kamar an faɗa masa farashin taki.

"Me kake so a yi maka, Baba?"

"Gida nika so. Tsahe. Ɗakina da gadona."

"Wannan ai mai sauƙi ne."

"Ba ki san mutanena ba."

Sai ya yi mata bayani. A wurinsu mutum ba ya mutuwa a baƙon wuri. In an ga ya kusa, da ransa ake ɗaukarsa a kai shi ƙauye, can bayan Zonkwa, ya cika a ƙasar kakanninsa. Ko ya yi shekara hamsin rabonsa da kwana a can.

"Shekara shida da sunka wuce haka anka yi ma Lidiya, matata. Ni na yarda. A Giwa ta cika, zaune a kujerar baya, kanta bisa kafaɗata, direba na gardama da 'yan sanda. Munka ƙarasa sauran hanya ina riƙe da ita awa mai barci." Ya lumshe ido. "Yayana Daniel na nan tahe, da ɗana Jonathan daga Abuja. Sun gama shawara a waya."

"Ka faɗa musu ba ka so?"

"Ke ki gaya musu. Ba aikinki ba ne?"

Ta rubuta a fayil cewa burin majiyyaci ya koma gidansa na Tsafe. Ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ranar Laraba suka iso. Jonathan bai leƙo ba tsawon wata ukun nan, amma cikin awa ɗaya da zuwansa ya yi wa nas biyu tsawa, ya sa an canza matashin kai, ya riƙe hannun mahaifinsa ya ce Dorcas ta ɗauke su hoto, ya duba hoton, ya ce a sake. Baba Daniel kuwa ya haura tamanin, dattijon coci ne, yana sanye da kwat cikin zafin nan, da sanda mai kan azurfa. A bayansu akwai mutum uku daga ƙungiyar 'yan garinsu mazauna Gusau, waɗanda aikinsu shi ne su ce "haka ne" duk lokacin da Baba Daniel ya numfasa.

Asiya ta taɓa yin kwas na wata shida a Ibadan kan kula da waɗanda magani ya gaza. A can aka koya mata zaman iyali: a jera kujeru a zagaye gado, kowa ya yi magana, a ƙarshe a bar majiyyaci ya faɗi burinsa da bakinsa. Takardar shaidar tana rataye a bangon ofishinta. Tana jera kujerun Dorcas ta riƙo mata gefen mayafi.

"Anti, don Allah kada ki tambaye shi a gaban Baba Babba."

"Haƙƙinsa ne ya yi magana, Dorcas."

"Na sani, Anti, amma..."

"Kawo waccan kujerar."

Baba Daniel ya buɗe da addu'a. A cikin addu'ar ya sanar da Ubangiji cewa ranar Juma'a za su tashi, ya roƙi a kiyaye hanya. Da aka ce amin, Asiya ta yi nata bayanin. Tafiyar awa takwas ce in an yi sa'a. Ƙashin bayansa ya zama kamar busasshen kara. Ko juya shi a gado sai mutum biyu, sai an fara ba shi magani.

"Madam, motata tana da sanyi," in ji Jonathan.

"Ramukan hanyar Funtuwa ba su san da sanyin motarka ba."

Baba Daniel ya ɗaga hannu. "'Yata, ku Hausawa inda mutum ya faɗi nan kuke rufe shi kafin la'asar. Mu ba haka muke ba. Ubanmu yana can, uwarmu tana can, matarsa tana can. In na bar ƙanena ya mutu a nan, da wane ido zan shiga ƙauye?"

"Haka ne," in ji mutum ukun.

"Baba, ba maganar binnewa nake ba. In ta Allah ta kasance, ku kai shi. Maganar 'yan kwanakin da suka rage masa nake." Ta juya ga gado. "To ga shi nan. Baba Bitrus, faɗa musu abin da ka faɗa mini."

Baba Bitrus ya zuba wa fankar sama ido. Wannan yayan ne ya riƙe shi bayan mutuwar ubansu, shi ya kai shi makaranta a kan keke, shi ya je neman aurensa. Shekara saba'in da huɗu ba su mai da shi komai ba a gaban Daniel sai ƙane.

"Duk abin da Yaya ya gani," ya ce, "shi ke nan."

"Kin ji," in ji Baba Daniel.

Jonathan ya miƙe yana latsa waya. Aka kwashe kujeru.

Da Asiya ta koma bayan azahar, Baba Bitrus ya juya fuska bango.

"Cewa na yi ki gaya musu. Ban ce ki tsai da ni gaban yayana awa ɓarawon akuya ba. Yanzu na yi magana gaban shaidu. Tahi abinki."

Ba ta ba shi haƙuri ba, don ba shi da abin da zai yi da haƙurin. Ya ba ta magana a ɓoye, ta ɗauka ta shanya a kasuwa, saboda wata Baturiya ta zana kujeru a allo a Ibadan. Ita da aka haifa a Gusau, ita da ba ta taɓa musa wa yayarta a gaban baƙi ba.

Ta je wurin likita ta roƙe shi ya rubuta cewa majiyyaci ba zai iya doguwar tafiya ba.

"Hajiya Asiya, iyali sun yanke shawara. Ni ba na shiga al'adar mutane."

"Amma ka san ba zai kai Zariya ba."

"Rai a hannun Allah yake."

Ya sa hannu a takardar sallama da wuri-wuri. Akwai mai jiran gado na goma sha ɗaya.

Ranar Alhamis ta yi abin da ya rage mata. Ta karɓo kwalbar mofin, maganin ruwan nan mai kashe zafi, ta zaunar da Dorcas ta koya mata aunawa da sirinji marar allura, a ɗiga a gefen baki duk bayan awa huɗu, ko in zafi ya tsananta. Ta ce wa Jonathan dole mahaifinsa ya yi tafiyar a kwance, motarsa ba za ta yi ba. Ta kira Sama'ila, wani direban bas ɗan Bunguɗu da ya saba kai mata marasa lafiya Wanke da Kekun Waje, ya cire kujerun baya ya shimfiɗa katifa biyu.

Sa'an nan ta tambayi Dorcas wa ya fi kusa da mahaifinta a Tsafe.

"Malam Haliru. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tun ban san kaina ba suke dara a ƙofar gida suna zagin juna."

Asiya ta karɓi lambarsa ta fita bayan ofis ta kira shi. Hanyar kudu ɗaya ce, kuma ta tsakiyar Tsafe ta bi.

"Malam, gobe da hantsi za mu biyo ta Tsafe da Baba Bitrus. Zan ce a tsaya a ba shi magani a kan gadonsa. Ina so ya tarar da mutane."

"Mutane nawa?"

"Duk wanda ya taɓa shuka irin da ya ba shi."

"Wanga ai garin ne duka."

"In sun zo kada su tashi. Kuma kada kowa ya tambayi Baba Bitrus komai. Yayansa za ku yi wa magana."



"Ɗiyata, na gane," ya ce.

Da ta ce wa Baba Daniel da Jonathan za a yi zango a Tsafe, ba su yi gardama ba. Awa ɗaya ce kawai, kuma ai Baba Bitrus zai ɗauki Littafinsa mai Tsarki da kayan sawa.

Ranar Juma'a sai ƙarfe tara suka tashi, don ba mai hankalin da ke rigan sojoji fita wannan hanya ta daji mai 'yan bindiga. Asiya ta rubuta ziyarar gida a takardar fita ta shiga bas. Baba Daniel ya nufi motar Jonathan mai sanyi, ta tare shi da ladabi.

"Baba, kai ne babba. Kai ya kamata ka zauna kusa da shi."

Ba yadda zai yi. Ya hau, ya zauna a benci kusa da kan ƙanensa, sanda tsakanin gwiwoyi.

Ta ba Baba Bitrus maganinsa cikakke kafin su tashi, ba ta rage ko ɗigo ba. Sama'ila kuma ya tuƙa kamar mai ɗauke da ƙwai. Duk da haka, kafin su kai Kwatarkwashi zufa ta jiƙa katifar. Bai yi ihu ba. Duk ramin da taya ta faɗa, wani sauti ne ke fita ta tsakanin haƙoransa, kamar ana jan ƙarfe a kan siminti. Dorcas ta riƙe masa ƙafafu tana kallon waje. Baba Daniel ya fara wata waƙar coci, ya kai baiti na biyu, motar ta faɗa wani rami, ya bari.

Can ya leƙa gaba. "Direba, saura nawa mu kai Funtuwa?"

"Baba, ko Tsahe ba mu kai ba."

Asiya ta goge wa majiyyacinta goshi.

Sun tarar da layin gidan a cike. Tabarmi tun daga bakin kwalbati har ƙofar gida. Mai unguwa yana nan, da limamin masallacin layin, da faston ƙaramin cocin da Baba Bitrus ke zuwa, da manoma daga Bilbis da suka jingine babura a jikin katanga. Mata sun cika tsakar gida da kwanukan fura da kunu. Mutum shida suka ɗauki katifar da shi a kai, suka shige da shi ɗaki, suka sauke shi a gadonsa a hankali.

Malam Haliru, wani siririn tsoho mai jan gemu, ya tsaya a kansa.

"Bitrus, an ce ka tahi Gusau gyara. Ji yadda sunka maido ka."

"Kai da ba ka je ko'ina ba, dubi kanka."

"Ka gudu ne don na ci ka dara ukku a jere."

"Ƙarya kakai. Biyu ne, kuma ɗaya ka saci ɗa."

Dorcas ta auna magani ta ɗiga masa. Numfashinsa ya fara daidaita.

Awa ɗaya ta wuce. A waje an shimfiɗa wa Baba Daniel darduma a inuwa, an ajiye masa tuwo da miyar kaza. Ba a tashi a bar abincin da aka kawo wa baƙo. Yana wanke hannu wani dattijo ya iso, sai an gaisa, a tambayi hanya, a tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Wannan na tashi wani ya zauna. Jonathan ya duba agogo, ya zagaya motarsa, ya sake dubawa. Ƙarfe ɗaya Sama'ila ya kulle bas ya ce shi sai ya yi Juma'a, ya bi sauran maza. Tsofaffin da suka je masallaci suka dawo suka zauna daidai inda suka tashi, da wasu sababbi.

Jonathan ya sami Asiya a zaure.

"Madam, ke kika shirya wannan."

"Ni katifa na shirya, da magani."

"Ƙarfe biyu da rabi. In ba mu tashi yanzu ba, ba za mu wuce dajin nan da rana ba."

"Gaskiya ne. Ga shi can a ɗaki. Shiga ka ɗauko shi."

Ya dubi ƙofar. In zai ɗauko shi, dole sai ya tsallake ƙafafun tsofaffi arba'in, ya ɗago mahaifinsa yana wannan sautin, ya fito da shi ta gabansu duka, da faston, da matan da ke tsakar gida. Abin da ya taso shi daga Abuja, tsoron abin da mutane za su ce, shi ne ya tsaya masa a bakin ƙofa. Ya ciro waya ya kara a kunne ya fita, ba tare da ta yi ƙara ba.

Sai Malam Haliru ya taso, ya zo gaban Baba Daniel, ya durƙusa a kan tsofaffin gwiwoyinsa. Mai unguwa ya matso kusa.

"Baba Daniel, kai ne babba, kai ad da iko da shi. Mu roƙo munka zo. Shekara arba'in da shida shina cikinmu. Ba gonar da bai taka ba a ƙasar ga. Ka ba mu aron shi 'yan kwanaki, mu yi mai jinya, mu ma mu samu lada. In Allah ya yi ikonsa, mu da kanmu za mu raka shi har ƙauyenku, mu miƙa maka shi hannu da hannu."

"A taimaka, Baba," in ji mai unguwa. Liman ya ce a taimaka. Fasto ya ce a taimaka.

Baba Daniel ya dubi taron. Rabonsa da a durƙusa masa haka tun bikin 'yarsa ta fari. Ya gyara kwat, ya yi gyaran murya, ya ce dama tun a hanya yake ta nazari. Ya ce shi a matsayinsa na babba, ya yanke cewa ƙanensa zai huta a nan tukuna. Mutum ukun ƙungiya ba su zo ba, don haka mutanen Tsafe ne suka ce masa haka ne. Aka yi ta sa masa albarka kamar ya gina masallaci.

Asiya ta shiga ɗaki ta duba kwalbar, ta sake bin awoyin da Dorcas, ta rubuta mata lambarta a bango da alli. Baba Bitrus yana kwance ido a rufe. Ta ɗauka barci yake.

"Walfiya."

"Na'am, Baba."

"Ashe kin iya makirci."

"Jiya na fara."

"To gaya ma Haliru ya rage mutanen ga. Sun cika man kunne."

"Sai yayanka ya hau mota."

Ya buɗe ido ɗaya ya dube ta, ya mayar ya rufe. Ta ɗauki jakarta. Sama'ila yana ta danna ham, yana so ya shiga Gusau kafin la'asar.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a ɗakin. Ya cika wata Talata da hantsi, Dorcas tana gefensa, Malam Haliru yana bakin ƙofa. Aka kai shi ƙauye a motoci uku, biyu na mutanen Tsafe. A wurin jana'iza Jonathan ya yi jawabi, ya ce shi ne ya dage a bar mahaifinsa ya ƙarasa kwanakinsa a gidansa cikin mutunci, mutane suka yi ta share hawaye.

Dorcas ce ta ba Asiya labari a waya. Asiya ta yi mata gaisuwa, sa'an nan ta ce in ta dawo ta kawo ragowar mofin ɗin asibiti. Akwai wata mata a Kekun Waje da ke jira.